Bagaruwa da Azurfa: Gudummawar Ilimin Tsirran Hausawa a Yaƙi da Bakteriya Masu Bijire wa Magani

1.0 Gabatarwa

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka rasu a 2019 sakamakon bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ta fi jin jiki. Wannan maƙala ta dubi wata mafita mai tushe a tsirran da Bahaushe ya daɗe da sani.

2.0 Yadda Ake Sarrafawa

Akan tafasa 'ya'yan bagaruwa, a tace, a zuba ruwan cikin narkakken gishirin azurfa. Sinadarin baurin da majema ke jeme fata da shi ne yake mayar da azurfar ƙananan ƙwayoyi da ba su wuce nanomita 100 ba. Ƙwayoyin kan huda bangon bakteriya, su kai mata farmaki ta fuskoki da dama, sai bijirewa ta yi mata wuya. Sai dai yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike suka tsaya.

3.0 Rawar Manazarta Hausa

Masanin kimiyya yakan fara ne daga bakin mai magani. Suna kuwa yakan saɓa: bagaruwar wani, gabaruwar wani ce. Kuskuren suna kan kai mai bincike ga wata itaciya daban. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa, amma kowane yanki da karinsa.

4.0 Kammalawa

Ceberu da sauran ƙauyukan Gwandu ba su da nisa da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Wajibi ne a taskace sunaye da ilimin masu maganinsu tun dattawan na raye.