Ƙwayar cuta ma tana da silsila



'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, bari in fara da abin da ya faru a ajinmu. Wata rana malaminmu na nahawu ya karɓi littattafanmu, ya ware guda huɗu, ya ce mutum ɗaya ne ya yi aikin, sauran ukun kwafa suka yi. Har ya faɗi wanda ya kwafa daga wurin wa. Ta yaya ya gane? Na farko ya manta ɗigo a kan wani harafi, duk huɗun babu ɗigon. Na biyu ya ƙara nasa kuskuren, sai ga shi a wurin na uku da na huɗu, amma babu shi a wurin na farko. Ni dai kada a tambaye ni ko na nawa ne a cikinsu.

To da irin wannan dabarar masana suke bin sawun ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bairas. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu na halittarta, da haruffa iri huɗu kawai. Idan ta shiga jikin mutum sai ta yi ta kwafar kanta, kuma wajen kwafar takan yi kuskure, kuskuren ya wuce ga 'ya'yanta da jikokinta. Ita kuwa ba ta da ƙafa, sai inda mutum ya kai ta. Saboda haka in an jera rubutun ƙwayoyin da aka samu a garuruwa daban-daban, aka ga wace ce ta fito daga wace, an ga hanyar da mutane suka bi ke nan.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shan-inna. Rubutun ƙwayarta ya kai haruffa wajen 7,500, amma masu bincike sukan karanta wani yanki mai haruffa kamar 900, wanda yake canzawa kusan kashi 1 cikin 100 a shekara. Kun ga ya zama agogo. A 2003 an dakatar da allurar rigakafi a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya, saboda jita-jitar cewa an saka wani abu a cikin maganin. Kano ba ta koma yi ba sai a watan Yuli na 2004. A tsakanin nan cutar ta bazu. Ta shigo Chadi, ta bayyana a Darfur a 2004, ta kai Saudiyya, a 2005 ta shanye ƙafafun yara sama da 400 a Yaman da wajen 300 a Indonesiya, ƙasar da ta yi shekara goma ba ta ga irinta ba. Da aka karanta rubutun ƙwayar ta Indonesiya, silsilarta ta biyo ta Saudiyya da Sudan har arewacin Najeriya.

Da na zana wannan hanya a kan taswira sai jikina ya yi sanyi, don na san ta. Ita ce hanyar da kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo: daga ƙasar Hausa da Barno zuwa Kusseri, a haye kogi zuwa Fort-Lamy, wato Njamena kafin a sauya mata suna a 1973, sannan Abeshe, Adre, Janaina, har gaɓar Bahar Maliya. Wasu aikin hajji ya fito da su, guzuri ya ƙare a nan, suka kama sana'a, suka yi aure, ga mu yau a Gudji. Hanyar nan har yanzu ba ta mutu ba: 'yan kasuwa, almajirai, masu neman aiki, masu zuwa biki wurin dangi.

Amma a nan sai an yi hattara. Rubutun ƙwaya yana faɗin asalinta da kusan lokacin da ta rabu da 'yar'uwarta, ba ya faɗin sunan wanda ya ɗauko ta. Yawancin waɗanda shan-inna ta shiga jikinsu ko zazzaɓi ba sa yi, ɗaya cikin kusan 200 ne yake shanyewa. Mutum zai kai ta wata ƙasa yana ganin lafiyarsa ƙalau. Don haka ni ban ga dalilin da za a ce wai 'yan gari kaza ne masu kawo cuta ba. Inda ta tarar da yaran da ba a yi wa rigakafi ba, nan take zama.

Agogon nan ya sake amfani a 2016. Ana murna Najeriya ta yi shekara biyu babu shan-inna ta asali, sai aka samu yara a jihar Barno sun kamu. Daga waje aka shigo da ita? Rubutun ya ce a'a: 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Barno a 2011. Ashe shekara biyar tana yawo a garuruwan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga, a nan yankin Tafkin Chadi. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Akwai kuma ƙwayoyin da suke kai mu can baya sosai. Ciwon hanta nau'in B yana da rassa, kuma reshen da ake kira E shi ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Miliyoyin bayi aka kwashe daga yankin nan zuwa nahiyar Amurka, amma da wuya a samu reshen E a wurin jikokinsu. Ga shi kuma kurakuran kwafa a cikinsa kaɗan ne, kamar littafin da bai daɗe a hannun masu kwafa ba. Daga nan masana suka fahimci cewa bazuwarsa a tsakaninmu ta zo ne bayan jiragen bayi sun daina tashi, a cikin shekara ɗari biyu da suka wuce ko ƙasa da haka.