KULA DA SARƘAR BABUR

Yanzu da wuya a sami ƙauyen da babu babur. Da shi muke kai hatsi kasuwa, da shi muke kai mara lafiya asibiti. Amma yawancinmu fetur da iskar taya kaɗai muke dubawa. Ba mu tuna sarƙa sai ran da ta tsinke a daji. In kuwa ta zame ana cikin gudu, tana iya maƙale ƙafar baya, babur ya kā da mutum da wanda ya goya.

Aikin sarƙa

Ƙarfin babur a inji yake. Sarƙa ce ke ɗaukar ƙarfin nan ta kai wa ƙafar baya. Tana tafiya bisa faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a ƙafar baya. Ku dube ta da kyau. Gaɓa-gaɓa ce, gaɓoɓinta sun fi 100. Kowace gaɓa da ƴar ƙusa da ta ratsa ta, a kanta take lanƙwasawa.

Abin da ke cinye ta

Mukan ce sarƙa ta miƙe. To, ƙarfe ba ya miƙewa kamar roba. Ƙusoshin nan ne ke gogewa. Kowace gaɓa ta sami ɗan sarari kamar silin gashi. In aka tara sararin gaɓa 100, sai ga sarƙa ta yi tsawo, ba ta zama daidai cikin haƙora.

Abu uku ke jawo wannan. Na ɗaya bushewa, watau ƙarfe na gugar ƙarfe ba mai a tsakani. Na biyu ruwa da taɓon damina, su ke kawo tsatsa. Na uku ƙura da rairayi, su ne babban abokin gaba. In ƙura ta cakuɗa da tsohon mai, sai ta zama kamar magagarin maƙeri. Don haka wanda ya zuba sabon mai bisa dauɗa bai yi gyara ba. Wanki tukuna, sa'an nan mai.

Yadda za mu wanke ta

1. A kashe inji, a zare makulli. A kafa babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. In sarƙar na da marfi, a kwance shi.
2. A zuba kananzir kaɗan a gwangwani. A riƙa tsoma tsohon burushin haƙori ana cuɗa sarƙar, ana juya taya da hannu.
3. A share da tsumma, a bar ta ta bushe.
4. A ɗiga man giya, ko man sarƙa na kanti, ta cikin sarƙar, wajen da ke taɓa haƙora. A juya taya har kowace gaɓa ta sha.
5. A jira kaɗan, sa'an nan a goge ragowar. Man da ya shiga ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa.

Kada a kuskura a tā da inji don taya ta juya da kanta. Tsumma kan shiga tsakanin sarƙa da haƙora, ya ja yatsa ya datse. Kada kuma a yi wankin da fetur. Yana kama wuta nan da nan. Ban da haka, wasu sarƙoƙi suna da ƴan zobban roba da ke tsare mai a cikin gaɓa, fetur kuwa yana lalata su. Baƙin man da aka juye daga inji ma ba shi da kyau, don akwai garin ƙarfe cikinsa.

A sa mai bayan tafiyar kamar kilomita 500. Mu da ke bin hanyar burji, da hunturu gara mu yi kowane mako. Da damina kuwa, duk ran da aka ratsa ruwa.

Ɗaurinta

A taɓa sarƙar ta ƙasa, tsakanin faifan nan biyu, a ɗaga ta sama a danna ƙasa. Motsinta ya zama kamar santimita 2 zuwa 3, watau wajen faɗin yatsa biyu. In ta yi sako-sako za ta zame. In ta ɗame da yawa za ta cinye boris, ta tsinke in an faɗa rami. Wurin gyara, a ja ƙafar baya daidai wa daida, hagu da dama, don kada taya ta karkace. A ƙarshe a ɗaure babban noti tamau.

Alamun ta ƙare

A kama sarƙar a bayan babban faifai, a jawo ta baya. In ta ɗago har an ga rabin haƙori, ta ƙare. A duba haƙoran kuma. In sun yi tsini sun lanƙwashe kamar farcen shaho, su ma sun ƙare. Waɗansu kan yanke gaɓa ɗaya don sarƙa ta gajarta. Wannan bai mai da ƙusoshin da suka goge ba. A sake sarƙa da faifan nan biyu gaba ɗaya, gama tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa da wuri. Wurin sa ɗan ƙarfen da ke kulle sarƙa, rufaffen bakinsa ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Kuɗin kananzir da mai kaɗan ne. Kuɗin sarƙa da na ɗorin ƙafa kuwa ba kaɗan ba ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa sarƙa ke yin tsawo?
2. Don me ake wanki kafin a sa mai?
3. Wane haɗari ne ke cikin wanke sarƙa inji na aiki?
4. Ku rubuta alamu biyu da ke nuna sarƙa ta ƙare.