Nasiha Ga 'Ya'yana Mata Kan Gwal

Gwal ado ne da addini ya halatta wa mace, ya hana namiji, aka bar shi da zoben azurfa. Karramawa ce aka yi muku, kada ku mai da ita abin ƙona zuciyar 'yan'uwa.

Kowane wuri da adon da ya dace da shi. Gidan biki ya ɗauki sarƙa da awarwaro, amma zaman makoki da dubiyar mara lafiya ba sa son ƙyalƙyali. In za ki gidan 'yar'uwar da cefane ma yake yi wa wuya, ki rage. Suratun Nur ta hana mace buga ƙafa don a ji motsin adon da ta ɓoye, to ina ga mai kaɗa hannu don a ƙirga awarwaronta? Kada ki tambayi mace a cikin taro giram nawa ne sarƙarta, ko gwal ne ko ruwansa. Ku kuma guji aro, zanen aro ba ya rufe katara. Ɗan kunne ɗaya in ya faɗi a wurin kamu, zumunci ne zai ji jiki.

In kin je saye, ki duba hatimi: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 kuwa karat 22. Hatimin ma ana yin jabunsa, don haka a gwada, a auna a gabanki, a cire nauyin duwatsu, a ba ki rasit mai giram da karat. Ki sani kuɗin aiki ba ya dawowa ranar sayarwa.

Ba da tsohon gwal a karɓi sabo da ciko riba ce wadda shari'a ta haramta, domin gwal da gwal sai nauyi ya zo ɗaya, hannu da hannu. Ki sayar da naki, ki karɓi kuɗinki, sannan ki sayi wanda kike so. Ke kuma dillaliya, in an taɓa yi wa sarƙa gyara, ki faɗa kafin a tambaya.

A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan gwal ɗin kwalliya. Amma na ajiya ko na fatauci, in ya kai kimanin giram 85 ya shekara, sai a fitar da ɗaya cikin arba'in. Ku sauke wannan haƙƙi a kan lokacinsa. Allah Ya sa muku albarka a abin da kuka mallaka.