Yadda ake lissafin shiga ninkin wani a wasan bilakjak

A gidajen caca na Las Vegas da ke Amurka akwai wata harka da ake ƙullawa tsakanin 'yan wasa biyu a teburin bilakjak, wasan kartar da ake neman maki 21 a cikinsa. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba sai na maimaita ba. Lissafin da ke ƙarƙashin harkar shi ne abin dubawa.

Da farko sai a san ƙimar kati. Daga 2 zuwa 10 kowane da lambarsa, masu hoto goma-goma ne, mai harafin A kuwa 1 ne ko 11. Cikin kati 52, guda 16 darajarsu goma. Mai rabo, wato ma'aikacin gidan, ba shi da zaɓi: dole ya yi ta jan kati har ya kai 17. Ɗan wasa kuma, bayan katinsa biyu na farko, yana da damar ninka kuɗin da ya zuba, bisa sharaɗin kati ɗaya tak za a ƙara masa.

To, sau da yawa mutum yakan sami hannun da ya cancanci ninki, amma aljihu ya yi sanyi ko tsoro ya kama shi. Nan maƙwabcinsa zai ce, kawo in zuba maka ragowar, mu raba riba da asara. Mai shigar nan ya ga katin kafin ya fitar da kuɗinsa, gatan da mai hannun bai samu ba. Tun 1956, da Baldwin da abokansa uku suka wallafa lissafin wasan, har Edward Thorp ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1962, an san cewa ko gwani ne, muddin ba ya ƙirga katin da ya riga ya fita, gidan na rinjayarsa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai shiga ninki yana tsallake munanan hannaye, ya tsinci mai kyau kawai.

Ga yadda ake auna shi. A ce mai hannun yana da 11, katin mai rabo da ke buɗe kuma 6 ne, a teburin da mai rabo ke tsayawa a kan kowane 17. Sai a jera abin da zai iya faɗowa. Kati iri 13 ne. Huɗu daga ciki goma ne, su kai shi 21. Biyar, wato A da 2 da 3 da 4 da 5, za su bar shi tsakanin 12 da 16, inda ba ya ci sai mai rabo ya zarce 21. Sauran huɗun su ba shi 17 zuwa 20. Daga nan a juya wajen mai rabo: idan 6 ke gabansa, yakan zarce kusan sau 42 cikin 100. In aka haɗa ɓangarorin biyu, za a ci kusan sau 63, a faɗi sau 30, a yi kunnen doki sau 7. A cire 30 daga 63, saura 33. Ma'ana, duk dala 100 da mai shiga ya zuba a irin wannan hannu tana jawo masa kimanin dala 33, in an daɗe ana yi. Amma fa sau uku cikin goma kuɗin tafiya suke ɗungurungum.

Haka ake bi da sauran. Hannu mai 10 a gaban 6 yana ba da kusan 29. Hannu mai 11 a gaban goma, bayan an tabbatar mai rabo bai riƙe 21 ba, kusan 9 ne kacal. Wanda ya shiga ninkin 12 a gaban 6 kuwa asarar kusan 17 ya saya.

Mataki na gaba shi aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci: daga aljihun wa ribar ke fitowa? A hannun 11 gaban 6, mai hannun bai rasa komai ba, domin ko bai ninka ba kati ɗaya zai ja ya tsaya. A gaban goma labari ya sha bamban. In 3 ta faɗo masa ya zama 14, zai so ya sake ja, ninki kuwa ya ɗaure masa hannu. Ribarsa ta sauko daga kusan 12 zuwa 9. Akwai ma hannaye irin 9 a gaban 7 ko 8 a gaban 6, da lissafi ya ce kada mai su ya ninka, alhali kuɗin mai shiga riba suke yi. Wanda ya zuga maƙwabcinsa ya ninka a nan, da guminsa yake cin tuwo, ko da kuwa fuska a sake ya yi tayin.

Saura yarjejeniya. Galibi gidan bai san da zaman mai shiga ba. Mai kujerar ake biya, shi zai miƙa kason. Don haka ake faɗin adadin a fili kafin kati ya sauka, da abin da za a yi in an yi kunnen doki. Wasu gidajen ma ba sa yarda a miƙa wa juna kuɗi a kan tebur, sai an fara tambayar mai rabo.