Noman Naman Kaza a Cikin Gida

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu na Rano da Kibiya, kowa ya san naman kaza da yake tsirowa a jikin suri idan damina ta zauna. Wannan darasi a kan wani irinsa ne wanda mutum zai iya nomawa da kansa a ɗaki, ba gona, ba taki. Masana suna kiransa Pleurotus. Fari ne ko ruwan toka, yana da fāɗi kamar kunne. Abincinsa kuwa karan shinkafa ne, wanda wasunmu suke cinna wa wuta bayan girbi.

Kafin kome, ga gargaɗi. Kada kowa ya tsinko wani a daji ya ce zai yi iri da shi. Akwai laimar kwaɗi mai dafi wadda take kama da mai kyau, tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafinta. Irin da za a shuka sai a saye shi. Yakan zo a kwalba, an raine shi a kan ƙwayar dawa har ta yi fari fat. Cibiyar FIIRO ta Oshodi a Legas da cibiyar NIHORT ta Ibadan suna aiki a kansa. NIHORT tana da reshe a Bagauda, nan kusa da mu, saboda haka sakataren ƙungiya ya fara tambaya a can.

Sai lokaci. A ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Naman kaza yana son laima da zafi kamar digiri 25 zuwa 30. Zafinmu na Maris zuwa Mayu yakan kai 40, ya kashe irin a cikin leda. Hunturu yana da sanyi, amma iskarsa tana busar da shi tun yana ƙarami. Don haka ku adana karan bana a rumfa inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ku fara aiki a watan Yuli. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. A daddatsa karan gajeru kamar tsawon yatsa, a jiƙa shi ya kwana. Da safe a zuba shi cikin ganga, a dafa shi awa ɗaya don a kashe ƙwayoyin da za su yi gāsa da irin. A tsame, a baza a kan tabarma mai tsabta ya huce sarai. Ka damƙi ɗan kaɗan ka matse. In ruwa yana zuba, bai tsane ba. In ɗigo ɗaya ko biyu ne, ya yi.

A wanke hannu da sabulu. A sa kara a leda, a barbaɗa iri, a ƙara kara, a ƙara iri, har ta cika. A danna, a ɗaure baki, a huda ƙananan ramuka da allura. A ajiye a wuri mai duhu mako 2 zuwa 3, kada a zuba ruwa. Za ku ga farin zare ya mamaye ledar duka. Wadda ta yi kore ko baƙi ta lalace. A fitar da ita nan take a binne nesa, kada tausayin kuɗin iri ya sa a bar ta ta shafi sauran.

Idan ta yi fari, sai a tsaga ledar wuri huɗu ko biyar da reza. Yanzu tana son haske kaɗan da iska. A rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yayyafa ruwa sau 2 ko 3 a rana. Cikin mako guda 'ya'ya za su leƙo, bayan kwana 3 zuwa 5 a cire su, kafin bakinsu ya miƙe. Leda ɗaya takan ba da girbi biyu ko uku. Ragowar karan kuma a kai shi ramin taki.

Maganar sayarwa ku yi ta tun kafin shuka. Ɗanyensa ba ya wuce kwana 2 ba tare da firji ba, kuma mutanenmu da yawa ba su saba cinsa ba. Ku fara da leda 10, ku sa a miyar kuka ko ta taushe a gida, ku shanya sauran. Busasshen ne zai jure tafiya zuwa Kano, a nemi masu gidajen abinci a Sabon Gari.