Intanet da Sana'ar Waƙa a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Arewacin Zamfara ƙasa ce ta makaɗa. Daga Tubali, kusa da Shinkafi, Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kuma da sunan Zurmi aka san Kassu, makaɗin 'yan tauri. A da, mai son jin waƙoƙinsu sai ya jira rediyo ko ya sayi kaset. Yau suna cikin wayar hannu. Wannan darasi zai duba yadda hakan ya faru, da amfaninsa, da illarsa.

Yadda Sauti Ke Zama Lambobi

Sauti girgiza ce da ke ratsa iska har ta bugi dodon kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Don yin faifan CD, na'ura kan auna ƙarfin girgizar sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta adana ma'aunin a lambobi. A 1993 aka fitar da tsarin MP3, wanda masana na cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka taka babbar rawa wajen ƙirƙirarsa. Sun dogara ne da wata ɗabi'ar kunne: ƙara mai ƙarfi takan danne mai rauni da ke kusa da ita. Sai a zubar da abin da kunne ba zai ji ba, nauyin waƙar ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma, ta yi sauƙin turawa.

A nan ne babban bambanci yake. Kaset idan aka kwafa, kowane kwafi ya fi na bayansa dushewa. Kwafin lambobi kuwa daidai yake da asali, ko sau dubu aka yi shi.

Amfani

Waƙoƙin da zafi da ƙura suka kusa cinyewa a tsofaffin kaset sun tsira, ɗalibi a Ƙaura Namoda yana iya sauraron Bakandamiyar Narambaɗa a YouTube. Sabon mawaƙi ma ba ya bukatar dillali kafin a ji shi a Maraɗi ko Kumasi.

Illa

Abin da ake kwafa kyauta, sayar da shi wuya. Masu tura waƙa a kasuwanni kan cika katin waya da ɗaruruwan waƙoƙi, ba tare da ko kwabo ya kai ga mawaƙi ba. Asarar ta fi auka wa mawaƙan zamani masu biyan kuɗin situdiyo, domin makaɗin gargajiya tun asali da kyautar ubangida da ta taron biki ya dogara. Manhajoji irin su Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, suna biya gwargwadon yawan sauraro, amma sai inda akwai sabis. A Satumba 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, wannan hanya ta yanke, alhali turawa daga waya zuwa waya ba ta tsaya ba.

Kammalawa

Dabarar da ta ceci tsohuwar waƙa ita ce ta karya kasuwar sabuwa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi kariya ga ayyukan da ke intanet, amma aiwatar da ita a kasuwar ƙauye babban aiki ne.

Tambayoyi

1. Wace ɗabi'ar kunne tsarin MP3 ya dogara da ita?
2. Me ya sa satar waƙa ta fi cutar da mawaƙin zamani?