Yadda Ake Rina Ƙwai a Ƙasar Turai

Ya mai karatu, ka san rinin tufafi, amma ka taɓa jin an rina ƙwai? To, saurara.

A Turai, in hunturu ya wuce, itatuwa suka yi toho, sai Kirista su yi Idin Ista. A Ingila ranarsa takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A zamanin da, ba su cin ƙwai cikin azuminsu na kwana 40, saboda haka sai ya taru. Ran Idi su rina shi, su yi kyauta.

Ga yadda za ka yi. Tafasa ɓawon albasa rabin sa'a, ka tace. Zuba cokali guda na ruwan tsami, don ya ci ɓawon ƙwan, rini ya kama. Sa'an nan ka dafa ƙwai ciki minti 15, zai fito ja-ja. Gangamau yakan ba da rawaya, jan kabeji kuwa shuɗi.

Amma fa kada ka sa rinin tufafi. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan kafofi, ƙwan kuwa cinsa za a yi.